Dan Allah ina sauran ƙwayayen suke tafiya?

Ummu Hanif:
Salam 'yan uwa, masu ilimin lafiya ku taimaka min. Shekara biyu da aurena shiru, likita ta sa na yi sikanin rana ta 3 da fara al'ada ta ga ƙananan jakunkunan ƙwai guda tara, da na koma rana ta 12 ɗaya kawai ya girma, ta nuna min shi a allo baƙi zagayayye, ta ce sauran ba za su kai labari ba. Wlh jiya ban runtsa ba, wani ciwo ne yake cinye min su?

Anti Nas:
Wa alaikis salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, haka jikin kowace mace yake. Tun kina cikin mahaifiyarki wata biyar kina da ƙwai wajen miliyan 6 zuwa 7, ranar da aka haife ki saura miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga kamar dubu 300, kuma duk rayuwa 400 zuwa 500 ne kawai za su fito. Sauran kuwa jiki ne da kansa yake kashe su a tsare, ana ce masa afoftosis. Duk wata wasu suna tasowa tare, wani sinadarin jiki mai suna FSH ke raya su, sai wanda ya fi ƙarfi ya saki sinadaran da ke rage FSH ɗin, shi ya jure, sauran kuma ƙwayoyin halittar da ke kewaye da ƙwan suna ciyar da shi su mutu, jiki ya tsotse jakar, ba ciwo ba jini.

Ɗalibin likitan dabbobi:
Hajiya ko a shanu haka ne. Cikin kwana 21 na saniya sau biyu ko uku jakunkunan ke tasowa rukuni-rukuni suna mutuwa, a ƙarshe ɗaya ya fashe, shi ya sa da wuya ki ga ta haifi biyu, akuya kuwa ta kan tsira da biyu ko uku.

Ummu Hanif:
Allah ya saka da alheri. To Anti allurar da ake wa masu dashen ciki (haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki) ba ta ƙarar da ƙwan mutum?

Anti Nas:
A'a, FSH ce ake ƙarawa a ceto waɗanda dama za su mutu a watan. Abin da ke gaggauta ƙarewarsu shi ne sigari da wasu magungunan ciwon daji. Tunda naki yana girma, ki lallaɓa maigidan shi ma ya je a duba shi.