Abin da aka tsayar kan sayen wufa

Wani ne a majalisarmu ta Gwammaja ya ce zai shiga Sabon Gari sayen wufa, wato sifikar da ke fitar da bas (sauti mai kauri), don jin kiɗa a falo, sai kowa ya kawo tasa.

Ba a yi musu ba kan lambar jikin kwali. Wat 5000 mai PMPO a gefe talla ce. RMS za ka duba, shi ne ƙarfin da za ta iya riƙewa.

Irin akwatin wufar ne ya ja dogon ja-in-ja. Rufaffen akwati bugunsa a tsuke yake, kowane bugu ya fito ya tsaya. Mai ramin fitar iska ya fi ƙara da girgiza taga, amma idan mai araha ne sai ka ji gunji kawai. Samarin sun fi son mai ramin. Ni dai, in kiɗa ne, rufaffen nake zaɓa, kuma mai faɗin inci 10 ya ishi matsakaicin falo.

Mai gyaran rediyon cikinmu ya ce a saita wufar ta tsaya kan sauti mai kauri zuwa wajen 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), abin da ya haura haka a bar wa sauran sifiku. Ajiye ta a kusurwar ɗaki yana ƙara bas, har ya yi yawa. Dabararsa: ɗora wufar a kujerar da kake zama, kunna waƙa, zagaya gefen bango a durƙushe, inda sautin ya fi daɗi nan ne mazauninta.

Kayan gwanjon Amurka kuwa na 120 bolt ne, wutarmu 230 ce. Duba bayan wufar kafin ka jona, kuma ka haɗa da sitabilaiza.