Wace kalma za mu ba "expected value"?

Malaman lissafi, ku matso kusa. Kwana biyu ke nan ina kokawa da wannan kalma ta darasin yiwuwa, kuma fassarar da ta fara zuwa bakin kowa, wato "ƙimar da ake tsammani", ta ƙi kwanta mini.

A jefa ƙwayar lido mai fuska shida. Kowace fuska damarta ɗaya cikin shida ce. A ninka kowace lamba da damarta, a tara, sai a sami 3.5, wanda shi ne "expected value" ɗin. To wane ne ke tsammanin ganin 3.5? Ko shekara za a yi ana jifa, babu fuskar da ke ɗauke da uku da rabi. Bahaushe kuwa in ya ce yana tsammanin baƙo, nufinsa baƙon na iya yin sallama kowane lokaci. Ɗalibin da aka ce wa "tsammani" zai zauna jiran abin da ba zai zo ba, tsammanin warabbuka ke nan.

Su ma masu kalmar gadonta suka yi. A 1654 masana lissafi Pascal da Fermat suka yi musayar wasiƙu a Faransa kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya tsaya ba a gama ba. A 1657 Huygens, masani ɗan ƙasar Holland, ya buga ɗan littafinsa kan lissafin wasannin sa'a, inda kalmar Latin mai ma'anar tsammani ta shigo. A wurin ɗan caca kalmar ta dace, don rabon da yake sa rai ake aunawa. Har yau Faransawa "fata" suke ce mata. Mu da ba mu da wannan tarihin, me zai sa mu ɗauko ruɗanin?

Wani ya ba ni shawarar "matsakaici" kawai. Ya kusa, amma da saura. A ce wasa ne: sau ɗaya cikin goma ka ci maki 50, sau tara cikin goma ka rasa 10. Mai matsakaici tsura zai haɗa riba da asara ya raba biyu, ya ce 20, ya shiga da murna. Amma in an ba kowanne nauyin damarsa, 5 ne a ci, 9 a rasa, saura asarar 4 a kowane zagaye. Nauyin nan shi ne zuciyar maganar, dole sunan ya nuna shi.

"Matsakaicin dogon zango" ya burge ni sosai, domin in aka yi ta maimaita jifa, matsakaicin abin da ke fitowa yana matsowa kusa da 3.5. Sai dai wannan sakamako ne daban, dokar manyan lambobi, wadda aikin masanin lissafi Jacob Bernoulli da aka buga a 1713 ya fara tabbatarwa. Ƙimar tamu kuwa ana lissafa ta tun ba a jefa ko sau ɗaya ba.

Ni dai na tsaya a kan "matsakaicin yiwuwa". Ku gwada shi a baki: "Matsakaicin yiwuwar wannan wasa asarar maki 4 ce." Ya zauna, kuma bai yi wa kowa alkawari ba.

Saura sunan adadin da kansa, wato "random variable", wanda sa'a ke yanke ƙimarsa, kamar lambar da ƙwayar lido ke nunawa. Na rubuta "adadin sa'a", amma ina tsoron a ji kamar awa ake ƙirgawa. Mai kalmar da ta fi ta, bismillah.