Kafin ka sauya faifan ajiyar laftof

Da masu gyaran kwamfuta suka tattauna batun sauya faifan da laftof ke ajiye bayanai a ciki, bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: karanta takardar da ke manne a bayan tsohon faifan kafin ka je kasuwa. A nan ake rubuta ƙarfin wutar da yake sha. Faifan laftof na inci 2.5 mai SATA (nau'in mahaɗin da ake jona shi da kwamfuta) 5V, wato volt biyar, kawai yake buƙata, na babbar kwamfuta mai inci 3.5 kuwa sai an haɗa masa da 12V, don haka ba zai yi a laftof ba.

Inda aka fi jan magana shi ne ƙananan faifai na inci 1.8 da kuma nau'o'in mSATA da M.2 masu kama da ɗan kati. Waɗannan 3.3V suke sha. Ka ɗura musu 5V ta adafta mai arha wadda ba ta rage wuta, sai ƙauri ya tashi, kuɗi sun tafi. A ganina, nan ne tsumulmula ba ta da amfani.

Wasu sun ja kunne kan kaurin faifan, 7mm ko 9.5mm, don ya shiga gurbinsa a laftof. Faifan da ke ƙarar ƙas-ƙas a akwatin da ake jona wa kwamfuta ta USB kuma sau da yawa wuta ce ba ta ishe shi ba, don kafar USB 2.0 wutar 500mA kawai take bayarwa. Kwashe bayananka tukuna, ka zare caja da batir kafin ka taɓa sukurudireba.