Wace kalma za mu ba "fantasy" da Hausa?

'Yan uwa marubuta, wannan kalma ta hana ni sakat. Ina nufin irin labaran nan na matsafa da dodanni da takubban sihiri, a ƙasashen da babu su a taswira. Asalinta daga Girkanci ne, "phantasia", wato abin da ya bayyana a zuci.

Wata 'yar uwa ta ce a kira shi tatsuniya a huta. Ban yarda ba, Yaya. Mai tatsuniya da bakinta take rushe ginin da ta yi: "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Ba wanda ya taɓa tambayar nisan gidan Gizo da fadar sarki, ko shekarar da ya auri Ƙoƙi. Shi kuwa wannan adabi a kan irin tambayoyin nan yake tsaye. Dubi Tolkien, malamin tsohon Turanci a jami'ar Oxford, wanda littafinsa The Hobbit ya fito a 1937. Harsuna ya fara ƙirƙira, Quenya da Sindarin, har da nahawunsu, sannan ya gina musu duniyar da za a yi magana da su, da taswira da salsalar sarakuna. Idan sihiri ya karya dokar da marubuci ya kafa a babi na uku, mai karatu zai kama shi a babi na goma.

"Ƙagaggen labari" ya yi faɗi, har na soyayya ya shiga ciki. "Labarin aljanu" kuma ya matse, ga shi aljanu ba ƙage ba ne a wurin mai imani da su.

Wani malami ya kawo "hikaya". Ranka ya daɗe, tana da daɗi a kunne, sai dai tana ƙamshin abin da aka gada daga bakin magabata, alhali wannan adabi mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙera shi.

Ni dai na tsaya kan "adabin almara". Da an ce "wannan ai almara ce", an san abu ne da hankali ba zai ɗauka ba, kuma kalmar ba ta ɗaure da Gizo. Wurin da labarin ke gudana mu ce "ƙagaggiyar duniya".

Amma kada a jawo "myth", wato labaran gumaka da asalin duniya da mutanen dā suka yi imani da su, cikin wannan buhu. Girkawan dā masu ba da labarin Zeus, babban abin bautarsu, yanka suke masa a wurin bautarsa na Olympia, ba nishaɗi suke yi ba. Wannan kalma tata daban, kuma har yanzu ina jiran wanda zai kawo mana ita da Hausa.