Musayar waƙa: da alheri anka haifi ɗan Adam ko da mugunta?

Ɗan Bilbis: Salamu alaikum jama'ar Tawa. Ga ƙwar huɗu na aza, wato waƙa mai ɗango (layi) huɗu ga kowane baiti, wanda ya iya shi ɗauka.

Ku bar ruɗin kai, ku dubi Ƙabila,
Uwa ɗai, uba ɗai, shi da Habila,
Ba yunwa, ba talauci, ba wata illa,
Hassada ɗai ta sa shi zubar da jini.

Tun ba a busa ma Adamu rai,
Mala'iku sun tambayi Mai sama bakwai:
Za Ka sanya mai ɓarna sarai
A ƙasa, shi riƙa zubar da jini?

'Yar Keita: Yaya, rabin aya ka karanta ka ruhe.

Ka kawo tambaya, ba ka kawo amsa ba,
Ya ce: Na san abin da ba ku sani ba.
Habilan da ka tsallake, ɗan'uwa,
Bai miƙa hannu don shi rama ba.

Ciki guda ya haifi su biyun,
Don mi ka ƙirga guda ka bar gudan?
Makashin kansa ya yi nadama
Da hankaka ya gwada mai tonon ramin.

Mai Albasa na Galmi: Kin kada shi tun ba a buga ganga ba! Amma ni manomi ne, ban tare da kowa cikinku.

Ruwa guda nika ba fadama,
In ba ta da sahe, in ƙara da yamma,
Albasa ba ta yi halin ruwa ba,
Kowa da irin da ya zo da shi, Malama.

Akwai ɗan malam mai shan ƙwaya,
Akwai ɗan ɓarawo mai jan aya,
Hali zanen dutse ne, ɗiya,
Wa'azi bai kankare shi ko ɗaya.

Malam na Garkawa: A'a Alhaji. Hadisi ya inganta ga Buhari da Muslim: kowane jariri bisa fiɗira, wato tsarkakakkiyar halitta ta asali, aka haihuwa tai, uwaye ka juya shi.

In da hali bai sakewa,
Mi ya sa anka aiko Annabawa?

Umaru ya hito da takobi zare,
Da niyyar kisa, zuciya a ɗaure,
Ɗaha ya ji gidan ƙanwa tai,
Ga shi na biyu ga halifofi a jere.

Ɗan Bilbis:

Malam, daga bisa buzu kaka magana,
Tahi Tiliya ka hwaɗa ma marayu hakana,
Waɗanda sunka zo bisa babura da rana,
Su ma uwa ta goye su suna ƙanana.

21 ga Maris 2021, rai 137 gwamnati ta ƙirga rana guda, nan cikin jihar Tawa. Fiɗira ina ta tahi ranar?

'Yar Keita: Yaya, kar ka yi ado da gawar bayin Allah don ka ci gardama. Allah Shi jiƙan su.

Wa ya gina kushewa, wa ya yi sutura?
Wa ya raba tuwo nai da mai gudun hijira?
Su ma ɗiyan Adamu ne, ka lura,
Ba su da bindiga, shi ya sa ba ka ji ƙara.

Bayan fari na 1984, uwayenmu
Sunka ɗauki duwatsu bisa kai a tudunmu,
Sunka tare ruwa, sunka dasa itace,
Inuwar da ba su zauna ba tana kanmu.

Aikin Keita nika nuhi, wanda Italiya ta ba kuɗi. Mata ne mafi yawa ga ma'aikata, tsohuwata na ciki.

Ɗan Bilbis:

Ƙanwata, ban raina tsohuwarki ba,
Amma ba don Allah ɗai sunka yi ba,
Abinci anka riƙa biya ga awo,
In babu hatsi, dutse bai tashi ba.

Ɗiyar Madawa: Kai Ɗan Bilbis, ji kunya! Mace ta ɗauki dutse da goyo don ɗiyanta su ci, shi ne mugunta? Sai 'Yar Keita, uwar baitoci!

Na Kwanni: Ku mata kun haɗa kai ne. Mutum ya hwaɗi gaskiya. Ɗan Bilbis, takobin zakaran kokowa naka ne bana.

Ɗalibi daga Yamai: Ku gafarce ni, iyayena da yayyena. Anti, ɗangon 1984 ya karye. In aka furta "dubu da ɗari tara da tamanin da huɗu", ya ninka 'yan'uwansa tsawo. Kuma biyun, gudan, ramin ba amsa-amo ba ne. Yaya Ɗan Bilbis, kai kuma ka rufe baiti biyu da "jini", kalma ɗaya. Babban amsa-amo sauti ake maimaitawa, kalma kuwa a sauya ta.

Mai Albasa na Galmi:

Yaro, ana zancen rayuka,
Kai kana ƙirgar gaɓoɓin waƙa,
Makaɗan kokowa ba su san aruli ba,
Su ka tada fili da tsakar damina da kaka.

Ɗalibi daga Yamai: Baba, waƙar baka daban, rubutacciya daban. Makaɗi kalangu da 'yan amshi ke riƙe masa kari. Mu da muke rubutawa ba mu da kowa sai ma'auni. Ɗangonka na ƙarshe ma ya zarce.

Malam na Garkawa: Yaron na da gaskiya. Malamman zamanin Shehu da bahar, wato ma'aunin waƙa na Larabci, sunka auna waƙoƙinsu na Hausa da Hillanci.

Ɗiyar Madawa: Malam, lokacin da baitinka na farko ya tsaya ga ɗango biyu cikin ƙwar huɗu, wa ya yi magana? Sai da mace ta yi nasara anka tuna da ma'auni.

Na Kwanni: Nasara ina? A kawo alƙali.

Ɗan Cin Rani, Abijan: Kwana biyu ban da intanet, yanzu nika ganin wanga. Ban iya bahar ba, ku yi haƙuri.

Na aika kuɗin gini hannun ɗan ɗaki,
Ya ce an kai linta, saura rufin ɗaki,
Na zo gida da sallah ina ɗoki,
Na iske fili, awaki na kiwo ciki.

Da na koma zazzaɓi ya kada ni,
Tsohuwa mai gidan haya ta ɗauke ni,
Ba addininmu ɗai ba, ba ta jin Hausa,
Da kuɗinta ta sai magani ta ba ni.

Ɗan Bilbis: Allah Shi mayar maka da alheri. Baitin farko nawa ne.

'Yar Keita: Na biyu fa, na wa ne? Sannu Yaya, Allah Shi saka ma tsohuwar.

Mai Albasa na Galmi: Duka biyu nawa ne. Ɗan ɗakin ya dawo da wani abu?

Ɗan Cin Rani, Abijan: Ko dala, Baba. Tsohonmu ya ce in bar zancen.

Ɗan Bilbis:

Ba baƙo ya jefa Yusuhu rijiya ba,
'Yan uba nai ne, ba su ji tausai ba.

Ɗalibi, ƙirga wannan. 'Yar Keita, ɗango biyu sun rage, cika su in kin iya.