Musayar Waƙa: Soro ko Tol (Kwanon Rufi)?

Magini na Birni:
Ku masu rufin tol, ku zo ku saurara,
Ruwa ke kashe bango, ba tsufa ba, ba gara.
A jiƙa ƙasa da ramno, a tattake, ta kwana uku,
Tubali ya bushe ƙayau kafin jeri a fara.
Tushe da dutse, taƙi biyu bisa ƙasa,
Indararo mai tsawo, kowace bazara a gyara.

Ɗan Mirriya:
Baba, ka yabi bango ka ɓoye rufi,
Giginya nawa soronka ya ci don azara?
Namiji ake sarewa, ba ya ƙosa da wuri,
Ku kun gina, kun bar mana dajin da kuka sara.

Magini na Birni:
Yaro, ɗakin tol tanda ce a Afrilu,
Iskar farkon damina ta yaye shi kamar shara.
Ka ji labarin kubba ba itace ko guda?
Tun 1980 a garin Cikal na Nijar aka gwada dabara.
Ƙananan tubalan sifa, igiya daga tsakiya,
Ana jeri zobe-zobe har a rufe ba azara.
Amma bango ya yi kauri, don kubba na tura shi,
Siririn bango zai buɗe, tsaga ta yi ta ƙara.

Mai Shayi na Zango: Kai! Allah ya ja kwana, Baba. Ɗan Mirriya, koma ginin tulu, soro ba naka ba ne.

Malamin Lakwal: Baba, da girmamawa, ɗangon "1980" ya karya kari. A karanta shekarar da baki a ji, gaɓoɓi sun yi yawa. Kuma an maimaita "azara" a amsa-amo.

Mai Shayi na Zango: Malam, kai da aruli kullum. Kawo baiti ɗaya naka mu auna.

Malamin Lakwal: Mai awo ba sai ya noma geron ba.

Ɗan Mirriya:
Tulun Mirriya ba ya yoyo, Mai Shayi,
Kubbar da ba a shafe ba ita ke jiƙa yara.
Wasu kan shafa siminti bisa laka, kuskure,
Ba sa kama juna, ruwa ya shige ya tara,
Ya ci bango ta ciki, siminti ya ɓare.
Makuba ta ɓawon ɗorawa, can Baba ya fi ni tsara.

Magini na Birni: To, ka fara hankali.

Gwaggo ta Matamai:
Na makara, ina wajen awaki, ku yi haƙuri.
Kuna faɗa kan rufi, wa ya tuna da gona?
Kututture in ya tofo, kar ka ƙone shi, ɗana,
Zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, sauran ka datse,
Shi ne sassaben zamani, kara da sanda na nan a gona.
Gawo na zubar da ganye da damina, bai tare wa hatsi rana,
Da rani 'ya'yansa kiwo, inuwarsa wurin kwana.

Malamin Lakwal: Gwaggo ta canza amsa-amo daga "ra" zuwa "na", kuma baitin ya fita daga ƙwar biyu.

Mai Shayi na Zango: Gwaggo ce, ta canza abin da ta ga dama.

Ɗan Mirriya:
Baba, saura tambaya ɗaya ba ka amsa ba:
Kududdufin da ka haƙa, sauro nawa ya tara?

Malamin Lakwal: "Tara" ma sau biyu ke nan.