Salansar jirgin ruwa na yoyo, a yi walda ko a canza?

Ɗan Agege:
Slm jama'a, don Allah masu sanin injin jirgin ruwa ku taimaka min. Akwai wani tsohon jirgi tokumbo da maigidana ya saya nake kula da shi nan Legas, injin MerCruiser ne 5.7 da ƙafar Alpha One, irin wanda injin na cikin jirgi amma giya da farfela suna waje ta baya. Kwanan nan ƙararsa ta canza ta yi yawa, da muka ɗaga ƙafar sai muka ga robar nan mai zobe-zobe da hayaƙi ke bi ta tsage, sannan gefe ɗaya tsatsa na tsiyayowa daga inda manifol (ƙarfen da ke tattara hayaƙin silindodi) ya haɗu da raiza (bututun da ke ɗore a kansa). Mai walda ya ce zai liƙe min a yini ɗaya. Maigida kuma ba ya son a kashe kuɗi da yawa. Ya kuke gani?

Bakaniken Ruwa:
Wslm ɗan'uwa. Bar maganar robar nan tukuna, tsatsar ita ce abin tsoro. Manifol na jirgi ba irin na mota ba ne, bango biyu gare shi, hayaƙi na bi ta tsakiya ruwa kuma na zagayawa ta gefe yana sanyaya shi, sai a ƙarshen raiza suke haɗuwa su fita tare. Idan injinka ba mai nasa rufaffen ruwan sanyayawa ba ne to ruwan da jirgin ke kai shi ne ke shiga ciki, kuma ka san na Legas da gishiri, daga ciki yake cin ƙarfen. In har ka ga tsatsa a waje to na ciki ya riga ya yi nisa. Ranar da bangon ya huje ko gasket ya saki, ruwa zai gangara ta bawul ya shiga silinda bayan ka kashe injin, ka zo ka murza makulli fistin ya daki ruwa, shi ruwa ba ya matsuwa, sai rodi ya lanƙwashe, shi ke nan injin ya tafi. Walda ba za ta kai inda ɓarnar take ba, kuma ƙarfen zubi ne, in ya ci tsatsa ko an liƙe sai ya tsage ta gefe. Kar ka sake tayar da shi sai ka kwance filogi na wannan gefen ka duba, ka zaro sandar baƙin mai ka ga ko ya zama kamar an zuba madara.

Mai Kura:
Ni fa inaga tunda injin nan asalinsa Chevrolet 350 ne me zai hana a shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo a nemo manifol na mota a ɗora, ai zai fi arha nesa ba kusa ba

Bakaniken Ruwa:
Haba malam, wlh kar ma ya fara. Na mota babu hanyar ruwa a jikinsa, iska ce ke sanyaya shi. Ka sa shi a rufaffen ɗakin injin kusa da tiyon fetur ai gobara ka sayo da kuɗinka.

Baba Direba:
Yaro ka bi shawarar bakanike, ni ƙari zan yi. Robar hayaƙin nan in ta tsage yawanci ƙara kawai za ta dame ka. Amma robobi 3 ne a wurin, akwai babbar da ke rufe shaf da ƙaramar ta wayar giya, su ne in suka tsage ruwa ke shiga jirgi har ya nutse yana ɗaure a bakin gaɓa. Tunda tare suka tsufa kuma za ka cire ƙafar, ka canza su duka lokaci guda.
Sannan ka tambayi kanka ko jirgin ya taɓa yin zafi. A Alpha One impelar da ke jan ruwa tana cikin ƙafar ne ta ƙasa, roba ce, in ta cinye sai hayaƙi ya fita tsurarsa ba ruwa ya ƙone tiyo da 'yan murafan nan na cikin bututu mai reshe biyu da ke hana ruwa komowa ta baya idan ka rage gudu farat ɗaya. Ka cire tiyon ƙasan raiza ka leƙa da tocila, in ba ka gan su ba to sun narke sun faɗa ƙasa, dole a nemo gutsattsarinsu don suna toshe hanya. Allah ya sa dai shi bututun bai huje ba, wannan sai an ɗaga injin gaba ɗaya.

Ɗan Agege:
Na gode sosai Baba, Allah ya ƙara girma. Na kwance filogin, na baya guda biyu da tsatsa a bakinsu amma baƙin mai lafiya lau. Na nuna wa maigida ya yi shiru, daga baya ya ce a kawo lissafi. To gefe ɗayan kawai zan canza ko duka?

Bakaniken Ruwa:
Duka gefe biyun, manifol da raiza, shekarunsu ɗaya ruwa ɗaya suka sha. Sabon gasket, kar ka maida tsohon. Kafin kayan su iso ka bar filogi a cire ka murza injin ya fesar da abin da ke ciki, ka ɗiga mai a silindodin kar su kama, in da hali a gwada kwamfireshan (ƙarfin matsi) ɗinsu ma. Ka turo lambar da ke jikin injin mu ga wane irin manifol ne naka don ba duk na 5.7 ne iri ɗaya ba.